Gadon jariri na jikin gadon uwa: in sayi sabo, na gwanjo, ko in ba kafinta?

Mai Jiran Haihuwa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Cikina ya shiga wata na takwas, haihuwar fari ce, kuma likita ta ce da alama aiki za a yi min saboda yadda yaron ya kwanta. Shi ya sa nake son ƙaramin gadon nan na jarirai da ake mannawa a jikin gadon uwa, mai gefe ɗaya da ake saukewa, don kada in riƙa tashi ina takawa da ɗinki cikin dare. A Unguwar Dosa muke, a Kaduna. Gadona na kayan ɗaki ne, shida da shida, katifa inci 12. Na ga sababbi a shago, na ga na gwanjo, maigida kuma ya ce a kai wa kafinta a Panteka. Hajiyarsu ta ce ɓarnar kuɗi ne, a kwanta da yaro gado ɗaya yadda aka saba. Me ya kamata in duba? Yaya kuma ake yi da gidan sauro idan gado biyu ne a haɗe? Haihuwar za ta faɗo cikin Disamba in Allah ya so, bayan suna kuma zan tafi wanka gidanmu a Tudun Wada, can katifa a ƙasa take.

Nas a Sashen Jarirai:

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Kafin ki taka kasuwa, ari tef ɗin tela ki auna daga ƙasa zuwa saman katifarki, ki rubuta a waya. Wannan awon ne zai zaɓa miki gado. Ƙafafun waɗannan gadajen suna hawa da sauka mataki-mataki, amma kowanne da inda ya tsaya, kuma gadon kayan ɗaki mai katifa inci 12 yakan yi tudun da wasunsu ba sa kaiwa. Abin da ake so, idan aka sauke gefen, saman katifarki ya zo daidai da bakin gefen da aka sauke ko ya ɗan fi shi tudu. Kada shimfiɗar yaron ta fi taki tudu, don zai iya gangarowa kanki.

Na biyu, kuma a nan ne aka fi samun matsala, shi ne ramin da ke tsakanin gadajen biyu. Jariri ba ya iya ɗaga kansa. Idan ya zame fuskarsa ta shiga tsakanin katifarki da gadonsa, ba shi da ƙarfin fitowa, ba lallai ki ji kuka ba ma. Don haka gadon kirki yana zuwa da bel guda biyu da ake zurawa ta ƙarƙashin katifarki, a maƙale su a wancan gefen ko a jikin katakon gado, a ja su har gadajen su manne. Bayan an ɗaure, tura gadon yaron da hannu ki gani ko zai matsa, sannan ki sa yatsu a tsakani. Idan yatsu biyu suka shige, ba a gama aiki ba. Kada a cike ramin da filo, tawul ko zani, don abin da aka cusa shi ma yana toshe hanci. Duk ranar da aka canza zanin gado ko aka ja gadon don shara, a sake duba bel ɗin.

Ki lura da gefen da ake saukewa. Ƙa'idar Turai ta 2019 ta ce ko an sauke shi sai ya bar ɗan shinge da bai gaza santimita 12 ba sama da katifar yaron. Tsofaffin ƙira suna sauka gaba ɗaya su bar wajen fayau. Ni dai shawarata, kowane iri kika samu, ki sauke gefen lokacin shayarwa, ki mayar da yaron, ki ɗaga gefen ki ji ya kulle kafin ki yi barci. Bargonki da filonki ba za su samu hanyar shiga wajensa ba.

Katifarsa ta zama mai tauri kuma a miƙe. Danna ta da tafin hannu: idan ta dawo nan take, ta yi, idan shatin hannunki ya zauna, ki bar ta. Mu manya mun fi son mai laushi, amma kan jariri yana nutsewa a cikinta, ya riƙa shaƙar iskar da ya fitar. Ta cika gadon kuma ta kowace kusurwa. A cikin gadon, yaro ne kawai da zani ɗaya da ya kama katifar tsam. Babu filo, babu 'yar tsana, babu soson ado da ake kewaye gefuna da shi. A kwantar da shi rigingine a kowane barci, dare da rana.

Maganar Hajiya kuma, da gaskiyarta ta wani gefen: yaro yana bukatar ya kwana kusa da uwarsa, ga shi zai nemi nono sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a shawarwarin da ta sabunta a 2022, ta ce ɗaki ɗaya amma shimfiɗa daban, aƙalla wata 6 na farko, kuma hakan na iya rage haɗarin mutuwar fuju'a cikin barci da kusan rabi. Kwana gado ɗaya ya fi haɗari idan yaron bai kai wata 4 ba, ko bakwaini ne, ko an haife shi ƙasa da kilo 2.5, ko akwai mai shan taba a gidan, ko uwar ta sha maganin da ke sa barci mai nauyi. Wadda aka yi wa aiki takan kasance kan maganin ciwo a kwanakin farko, ga gajiya, saboda haka ke kina cikin waɗanda wannan gadon zai fi amfana. Mafi muni duka shi ne barci ya kwashe ki da yaro a kan kujerar kushin. Idan kin ji barci na fizgarki kina shayarwa, gara kina kan gado an kawar da filo da bargo, da kin farka ki mayar da shi nasa.

Kafinta daga Panteka:

Hajiya, Allah ya sauke ki lafiya. Malama Nas ta yi bayani, bari in ƙara ta fannin katako. Gaskiya ba na ba mutum shawarar ya sa a yi masa mai gefen da ke sauka. Na kamfani makullinsa an gwada shi, namu kuwa sakata ce ake sawa, ita kuma tana sakewa da yawan buɗewa, ko a manta ba a tura ta ba cikin dare. Idan kafinta za ku ba, ku ce ya yi mai gefe huɗu a kafe, ku jingina shi kusa da gadonku.

Ku fara sayen katifa kafin a yanka katako. Ana yin kuskuren a gama gado sannan a je neman soso, sai a samu ya yi kaɗan da inci ɗaya ko biyu, a ce ba komai. Da komai. A kawo wa kafinta katifar ya auna a jikinta. Soso mai tauri, kauri inci 2 zuwa 3 ya isa, a ɗinka masa rigar leda mai ƙarfi da ta kama shi, ba ledar da aka nannaɗo shi da ita daga shago ba, wannan a cire ta a yar.

Girman da na fi so shi ne ƙafa 2 da ƙafa 4 ta ciki, wato santimita 60 da 120. Zai kai yaro wajen shekara biyu, alhali ƙananan na kamfani a wata 6 an gama da su. Sai a yi wa gindin mazauni biyu. A na sama, daga saman katifa zuwa bakin gadon kada ya gaza inci 8, wannan shi ne na watannin farko, ba sai kin sunkuya sosai ba. Kafin yaro ya fara zama a sauke shi mazaunin ƙasa, inda zurfin zai kai inci 20.

Tsakanin sanda da sanda kada ya wuce inci 2 da kwata. Idan ya fi haka jikin yaro zai iya zurarewa kansa ya maƙale. Ku je da gwangwanin lemo mai ƙiba, ba siririn ba. Idan ya wuce ta tsakanin sanduna, ku ce a gyara. Wasu suna rage yawan sanduna don katako ya ishe su, ku sa ido a nan. Kada a yi ƙahonin ado a kusurwa, riga na maƙalewa a jiki. Kada a fafe zanen zuciya ko tauraro a allon kai.

Katakon ya zama busasshe, madaci ko malaina. Ɗanyen katako idan hunturu ya buge shi yana tsukewa, mahaɗai su sake, gadon ya fara girgiɗi. Shi kuwa MDF, allon nan da ake yi da garin katako a matse, fitsari ko ruwan goge ɗaki ya taɓa shi sai ya kumbura, abin da aka ɗaure shi da shi ya fita. A ɗaure da noti, ba kusa ba, don a iya ƙara matsewa, a kuma iya kwancewa idan za a kai shi wani gida. Gindin a yi da filawud mai kauri a huda ramuka don iska. A goge ko'ina da sanfefa har ki shafa da bayan hannu ki ji ba tsini.

Fenti kuma, kada a yarda da na mota ko ragowar fentin mai da ba a san asalinsa ba, wasunsu akwai gubar dalma a ciki, yaro kuma idan haƙori ya fara zuwa bakin gadon yake gwaguya. A bar katakon haka nan, ko a shafa fenti mai haɗin ruwa, a ajiye shi inda iska ke kaɗawa kamar mako biyu har warin ya fita. Tunda kina wata na takwas, a ba da aikin wannan makon.

Mai Shagon Kayan Jarirai:

Anti, idan sabo za ki saya, ki sa a haɗa miki shi a shagon ki gani da idonki. Ki nemi mai raga a gefuna, iska na ratsawa kuma kina hango fuskar yaro daga kwance. Idan mai taya ne, a taka birkin a tura a gani. Ki tabbata bel biyun suna cikin kwali da takardar bayani. A jikinta aka rubuta tudun gadon da yake kaiwa da nauyin da yake ɗauka, yawanci kilo 9. Amma ko bai kai kilo 9 ba, ranar da yaro ya fara yunƙurin zama ko dogarawa da hannu da gwiwa, zamansa a ciki ya ƙare. Wasu ana iya ɗaga gefen kai ya karkata, wasu suna lilo. Kada ki ƙara kuɗi saboda waɗannan: a miƙe za ki bar shi, lilon kuma a kulle idan zai yi barci.

Na gwanjo ba laifi idan komai ya cika, amma bel ɗin ne ya fi ɓata, kuma igiya ba ta maye gurbinsa. Ki duba zif, ki duba raga ko ta yage, ki shinshina ko akwai warin danshi, ki buɗe ɗinki-ɗinki ki nemi kuɗin cizo. Katifar kuma a sake sabuwa daidai awon. Abu biyu ki guje musu ko kyauta aka ba ki: babban gadon katako mai gefen da ke zamewa sama da ƙasa, wanda Amurka ta hana sayarwa tun 2011, da 'yar kujerar barcin nan mai gangara. An janye miliyoyin waɗannan kujerun daga kasuwa a can a 2019 bayan mutuwar jarirai, a 2022 kuma doka ta hana duk shimfiɗar barcin jariri da gangararta ta wuce digiri 10. Kan yaro yana faɗowa gaba haɓarsa ta danne ƙirji, numfashi ya ƙuntata. Ana iya cin karo da su cikin kayan gwanjo.

Ma'aikacin Lafiya daga Rigasa:

Ba a amsa maganar gidan sauro ba, kuma a Kaduna ba a wasa da ita ko da sanyi. Hanya biyu ce. Ko dai babban gidan sauro mai kusurwa huɗu da aka ɗaure sama ya rufe gadajen biyu, a soke gefe uku ƙarƙashin katifarki, a gefen yaron kuma ya sauka ta bayan gadonsa a soke shi ƙarƙashin gindin, a ɗame, ba tare da ya taru kusa da fuskarsa ba. Ko kuma a ɗaga gefen gadon yaron a sa masa nasa daban, ke ma da naki. Ta farko ta fi sauƙi ga mai shayarwa, sai dai gidan sauron gado shida da shida ba zai isa ba, sai wanda ya fi shi faɗi, ko tela ya haɗa biyu. Inda sauro ke shiga shi ne ta ƙasan gadon yaron, wajen ƙafafu, ki haska da tocila ki duba.

Gidan sauro mai magani irin wanda ake rabawa a wajen awo ba ya cutar da jariri. Sabo a shanya shi a inuwa awa 24 kafin a rataya. Kada a kunna maganin sauro na hayaƙi a ɗakin, kada kuma a zuba fiya-fiya a jikin gadonsa. Idan kuɗin cizo ne, tafasasshen ruwa da rana. Ƙaramin gidan sauron nan mai kama da laima da ke zuwa da soso da filo a ciki, cire filon, kuma kada a ɗora shi a kan gadon manya.

Mai Jiran Haihuwa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na auna, santimita 68 ne. Amma katakon gefen gadon ya fito waje da kusan inci 3 daga jikin katifa. Sannan Anti Nas, idan yana rigingine ya yi tumbuɗi ba zai ƙware ba? Abin da manya ke tsoro ke nan.

Kafinta daga Panteka:

Wannan inci 3 ɗin shi ne ramin da ake magana, Hajiya. Gadon yaron zai daki katakon ya tsaya, bel ba zai rufe shi ba komai ja. Gwada tura katifarki ta hau zuwa bakin katakon. Idan a cikin rami take zaune ba za ta matso ba. In haka ne, kowane gado kika samu ki yi amfani da shi gefe huɗu a rufe, a gefenki, inda hannunki zai kai. Kuma tunda ba za a sauke gefen ba, kuɗin mai saukewa ba su da amfani a wajenki. Da santimita 68 kafinta zai iya daidaita mazaunin sama ya zo kusa da tudun katifarki.

Nas a Sashen Jarirai:

Ba zai ƙware ba ƙanwata. Hanyar iska a gaba take, ta abinci a bayanta. Idan yana rigingine, abin da ya taso yana komawa ta hanyar abinci ko ya juya kai ya zubar. Idan yana rubda ciki ne nonon ke taruwa a bakin hanyar iska. Kwanciyar gefe ma ba a so, don daga nan yake kifewa. Ki sa shi a kafaɗa ya yi gyatsa bayan ya sha, sannan ki kwantar. Don kada ƙeyarsa ta baje, ki riƙa sauya gefen da kansa ke kallo, da rana kuma idan idonsa biyu kina zaune a wajen ki kifa shi na 'yan mintuna. Saboda ɗinkin, a kwanakin farko maigida ko mai taya ki kwana ta riƙa miƙo miki shi. Idan ke kaɗai ce, ki juya gefe ki dogara da gwiwar hannu ki zauna tukuna, kada ki ɗauko shi daga kwance.

Ungozoma Mai Ritaya:

'Yata, saura maganar zuwa gida. Gadon da ake mannawa ba a haɗa shi da katifar ƙasa. Idan mai naɗewa ne ki tafi da shi ki kafa shi shi kaɗai a rufe. Idan ba zai ɗauku ba, a ɗauki 'yar katifarsa mai tauri a shimfiɗa a kan tabarma, da ɗan tazara daga taki kuma nesa da bango, cikin gidan sauro, a hana ƙananan yaran gida kwanciya a wajen.

Disamba da Janairu sanyin asuba yana da ƙarfi, sai a ga an shigo da kaskon gawayi ɗakin mai jego an rufe ƙofa da taga. Kada ki yarda. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, jariri kuma shi yake fara galabaita. Janareta ma a nisanta shi da tagar ɗakin. Turaren wuta a yi shi yaro ba ya ɗakin, a buɗe taga hayaƙin ya fita kafin a dawo da shi. Tukunyar ruwan wanka kada a bi da ita ta kusa da shimfiɗarsa.

Wajen sutura, ki ƙara masa riga ɗaya a kan adadin da ke jikinki. Idan za ki rufe shi, ki sa ƙafafunsa su kai ƙarshen gadon, mayafi marar nauyi ya tsaya a ƙirji ƙarƙashin hammata, a soke gefunansa a katifa. Hula a cire idan zai yi barci a ɗaki, ta kai yake fitar da zafi, kuma tana iya zamewa ta rufe fuska. Kada ki auna sanyinsa da tafin hannu ko ƙafa, su kullum da ɗan sanyi suke. Sa hannu a ƙirjinsa ko bayan wuya. Idan kin ji zufa, rage kaya. Zuwa Maris da Afrilu da zafi ya sauko yana wata 3 zuwa 4, shimi da kunzugu sun ishe shi, fanka kuma ta kalli bango ba shi ba. Naɗe shi cikin zani a daina da zarar ya fara yunƙurin juyawa. Duk wani abu mai igiya, laya ko sarƙa, a cire daga wuyansa kafin barci.

Hajiyar maigidanki kuma kada ki yi jayayya da ita. Ki bar shi ya gaya mata cewa saboda aikin da maganin ciwo ne asibiti suka ce a raba shimfiɗa, yaron kuma yana nan jikin gadonki. Idan da hali ku je awo na gaba tare, ta ji daga bakin nas.